Rijiyar Barmo da Ragowar Igiya

A zamanin da dajin nan bai san gatari ba, wani maharbi mai suna Barmo ya biyo sawun gwankin da ya harba, har ƙishirwa ta kusa kashe shi. Haka kakanninmu suka faɗa mana. Inda dabbar ta faɗi, ta yi ta tonon ƙasa da ƙofato kafin ranta ya fita, sai ga danshi. Barmo ya haƙa wurin da wuƙarsa har ya iske ruwa. An ce da ya kafa kibiyarsa a bakin ramin, tsiro ta yi, ita ce tsamiyar da ke can har yau. Barmo gagara-daji, mai shan ruwa inda giwa ta rasa!

Mutane suka taru, suka ce ya zama mai gari. Ya amsa, amma ya kafa sharaɗi. "Duk rani, mai gari ne zai fara sauka yasar rijiya," in ji shi. "Wanda bai taka ƙasanta ba, kada a naɗa masa rawani."

Tungar Barmo ta ga masu mulki iri-iri. An sa mu ƙarƙashin wannan hakimi, an mai da mu ga wancan, aka zo aka yi ƙaramar hukuma. Duk wanda ya zo ya tarar da mai garinmu da laka a ƙafa, ya bar mana sunanmu.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, shi ne mai gari na ƙarshe. Ranin bara waccan na ce masa, "Malam, gwiwar da ba ta kai ka masallaci ita za ta kai ka ƙasan rijiya?"

Ya yi dariya ya ce, "Talle, riƙe mini rawanin kawai."

Ya sauka, ya yashe ta tas. Da aka jawo shi ƙirjinsa ya riƙe, bai ga damina ba.

Hakimi ya aiko cewa mu ba da magaji, in ba haka ba a haɗe mu da Gidan Dawa, ƙauyen da ke gabas da mu. Na kira ƙaramin ɗanmu Sallau, mai aikin walda a birni. Ya zo, ya leƙa rijiyar, ya daɗe bai ɗago ba.

"Inna, ramin da ya ci Baba? Ku yafe mini."

Ɗan aiken hakimi ya ce a naɗa shi haka nan, wa zai sani. Dattawan da suka rage suka ƙi. Ban ga laifinsu ba, ban ga laifin ɗana ba.

Yanzu mu unguwa ce a Gidan Dawa. Rijiyar kaɗai ta riƙe sunan Barmo, kuma ba mai saukar mata, yashi sai hawa yake yi. Da igiyar da Malam ya tuƙa nake ɗiba. A da da ƙyar take kai guga ƙasa. Bana ragowarta a gindin ƙafata take taruwa.