Ƙoƙon Nomau

An yi wani mutum, wani bawan Allah ana ce da shi Nomau, a wani gari can da daɗewa. Sana'arsa gyaran duma. In duma ya bushe ya fafe shi, ya kankare cikin, ya jiƙa a ruwa yana canzawa har ɗacin ya fita, sannan ya yi zane da wuƙa mai zafi. Kuma ba ya sayar da ƙwarya sai ya kurɓi ruwan cikinta ya ji babu ɗaci.

To, ku saurara. Wata shekara rumbunsa ya ƙare tun kafin shuka. Sai ga madugun fatake ya ga ƙoren Nomau farare tas, ya ce, "Duka nake so, gobe za mu tashi. Hatsi zan ba ka."

Nomau ya kurɓi ruwan cikinsu, ya tofar. Ya ce, "Ba su yi ba, madugu. Da sauran ɗaci."

Madugu ya yi dariya. "Ɗaci ana ganinsa ne? Masu saye suna can nesa, wa ya san ka?"

Matarsa Tabawa ta leƙo ta zana ta ce, "Malam, ka fa san abin da ke tukunya."

Ya sani, jama'a, wallahi ya sani! Amma ya ce, "Wata za ta dama wa ɗanta kunu a ciki. Ba a fafe gora ranar tafiya."

Fatake suka wuce. Gidan Nomau aka yi ta cin ganyen tafasa har kaka, ƙoren kuwa ɗaya-ɗaya ya sayar da su a kasuwa.

Bayan shekaru, yana hanyar gaida ɗan'uwansa, zazzaɓi ya kayar da shi a wani ƙauye da bai san kowa ba. Wata tsohuwa ta kawo masa fura a ƙoƙo. Ya sha, ya duba bakin ƙoƙon, sai ga zanensa.

Tsohuwa ta ce, "Sha, ɗan nan. Ƙoƙon nan bai taɓa ɓata mini fura ba. Ban san wanda ya yi shi ba, amma kullum sai na sa masa albarka."

Sai hawaye suka zubo wa Nomau.

'Yan'uwa, gaskiya ita ce gyara abin da mai saye ba zai gani ba. Kai tela, kai magini, ke mai ƙosai, ku kurɓi aikinku kafin ya bar hannunku. Ba ku san ranar da za a miƙo muku shi ku sha ba.