Ɗumin da Gordon Ya Kulle a Akwati

Akwai wani mutum a garin Keighley na ƙasar Ingila mai suna Gordon Ackroyd. Tsohon direban bas ne, irin mutanen nan da za su gwammace su sa rigar sanyi biyu a cikin gida da su ƙara wuta. Da ya ajiye aiki, sai ya tattara kuɗin sallamarsa, ya ƙara da bashin banki, ya sayi saman wani tsohon bene. Ƙasan benen shagon kifi da soyayyen dankali ne na wani Andreas. Saman kuma ɗakuna biyu ne da kicin, kuma shi ne duk abin da Gordon ya mallaka a duniya. Da kuɗin hayar yake biyan banki. In ya gaza biya, gida ya tafi.

Da 'yar haya a ciki ya sayi gidan. Sunanta Misis Edna Holroyd, tsohuwa ce da ta doshi tamanin, mijinta ya rasu, ɗanta guda kuma yana Ostareliya. Kuɗin gas ɗin girki da na ɗumama gida a cikin hayarta yake, haka aka yi yarjejeniya tun kafin zuwan Gordon. Duk ranar da ya leƙo sai ta dafa masa shayi, ta ajiye biskit a gefen kofi.

A farkon sanyin wata shekara kamfanin gas ya aiko ma'aikaci ya canza mitocin benen. A lungun baya suke, akwati biyu kusa da juna. Ma'aikacin ya rubuta "sama" a jikin ɗaya, "shago" a jikin ɗayan, ya kama gabansa.

Da takardar kuɗin gas ta farko ta iso, Gordon ya ɗauka tabaransa ne ya yi datti. Ya goge ya sake dubawa. Fam dubu da ɗoriya, a gidan da tsohuwa ɗaya ke zaune.

Ya buga wa kamfani waya. Ya sha kiɗan jira har kunnensa ya yi zafi kafin wata matashiya ta ɗauka.

"Yallaɓai, mitarka sabuwa ce, an gwada ta. Abin da ta nuna shi aka ƙona."

"'Yar nan, tsohuwa ce fa ita kaɗai. Ba gidan burodi na buɗe ba."

"Na fahimci damuwarka, yallaɓai. Zan buɗe maka ƙorafi."

Ƙorafin nan an buɗe shi, an rufe, an sake buɗewa. Kowace waya sabon mutum ne, kuma sai Gordon ya faro labari daga tushe. Ya roƙi a turo wanda zai duba da ido, aka ce sai ya biya kuɗin zuwan in aka samu mitar lafiya lau. Takarda ta biyu ta zo ta fi ta farko. Ta uku ta zo da jan rubutu, tana maganar masu karɓar bashi da kotu. A watan ne ya kasa cika kuɗin banki, su ma suka aiko tasu.

Gordon ya daina cin abincin kirki. Kullum sai ya shiga lungun nan, ya buɗe akwatin da aka rubuta "sama", ya tsaya yana kallon lambobi suna gudu kamar ana korarsu. To mutumin da ya kasa da kamfani, ina zai kai fushinsa? Sai ya ɗaga kai ya kalli tagar tsohuwa.

Ya hau saman ba tare da ya cire hula ba.

"Misis Holroyd, me kike yi da gas a gidan nan?"

"Abin da na saba, Gordon. Awa ɗaya da safe, kaɗan da yamma. Zauna mana, ruwa ya kusa tafasa."

"Ba shayi ya kawo ni ba. Gidana za a ƙwace saboda ke."

Washegari ya dawo da wani akwatin roba mai makulli, irin wanda masu gidajen haya ke sakawa a kan maɓallin ƙara ɗumi. Ya rage ɗumin ƙasa sosai, ya ɗaure akwatin a bango, ya kulle, ya jefa makullin a aljihu. Edna tana tsaye da tiren shayi tana kallonsa. 

Ya jira mitar ta lafa. Ba ta lafa ba, ko kaɗan.

Nan fa shaiɗan ya samu wurin zama. Gordon ya yanke hukunci cewa tsohuwar tana kunna murhun kicin ne ta bar shi a buɗe don ya ɗumama gidan. Ya sake hawa, wannan karon muryarsa har shagon ƙasa.

"Kin ɗauka ni wawa ne? Na ga mita da idona."

"Wallahi ban kunna ba, ɗana. Taɓa murhun ka ji."

"Kin ji takuna ne kika kashe. In wata takarda ta zo haka, ki nemi wani wurin. Na gama magana."

Shekarun Edna a ɗakunan nan sun fi na auren mutane da yawa. A nan mijinta ya cika. Maganar tashi ta shige ta fiye da sanyi. Daga ranar ta kashe injin ɗumama gidan gaba ɗaya. Ta daina girki a murhu, sai burodi da shayin butar lantarki. Tana zama a kujera da kwat da safar hannu, da bargo a gwiwa. Ku kun san tsofaffinmu na nan, sai su daskare a zaune kafin su buga wa wani waya su ce suna cikin wahala. In maƙwabta sun tambaye ta, sai ta ce, "Lafiya lau, ba abin ƙorafi."

Matar da ke kawo wasiƙu ce ta ji tarinta ta bayan ƙofa, ta kira motar asibiti. Likitoci suka ce nimoniya ce, wato ciwon sanyin huhu, ta kama ta sosai.

Ina so in ce muku Gordon ya ruga asibiti. Bai je ba. Abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne, tunda gidan babu kowa, bari ya rufe gas ɗin ɗungurungum, ko kobo kada ya ƙaru.

Ranar Juma'a ce da la'asar, ranar da rabin unguwa ke cin kifi. Layi ya fito daga shagon Andreas har bakin titi. Gordon ya zagaya lungu, ya buɗe akwatin "sama". Sai ya yi turus. Gidan babu kowa, amma lambobi suna gudu fiye da kullum.

Ya kama hannun ƙarfen da ke jikin bututu ya murɗa. Lambobi suka tsaya cak.

Bai kai ga rufe akwatin ba ƙofar bayan shago ta buɗe da ƙarfi. Andreas ne, da rigar girki da matsami a hannu.

"Wane ne ya taɓa gas? Wutata ta mutu gaba ɗaya, ga kifi a cikin mai!"

"Tawa na rufe," in ji Gordon.

"Taka? Aboki, buɗe mu gani."

Gordon ya mayar da ƙarfen. Andreas ya leƙa ciki ya ce wa matarsa ta kunna wuta. Wutar kaskon suya ta kama, lambobin akwatin "sama" suka ci gaba da gudu. Sai su biyun suka juya ga ɗaya akwatin, wanda aka rubuta "shago". Mitar cikinsa tana tsaye shiru, ƙura ma ta fara hawa gilashinta.

Andreas ya sosa ƙeya. "Ni dai na ga kuɗina ya ragu tun da aka canza. Na ce ko sabuwar mita ce mai albarka. Wa ke kai ƙara don an rage masa kuɗi?"

Gordon bai ji ƙarshen maganar ba. Mitar da ke tsaye yake kallo. Ita ce ta Edna, ashe ma'aikacin nan musanya rubutun akwatunan ya yi. Abin da ta ci tun farkon sanyi bai taka kara ya karya ba, kuma an daɗe rabon da ta motsa. Ya zauna a kan kwandon shara, ya sa hannu a aljihu ya ji ɗan makullin nan.

A ranar ya je asibiti. Ya same ta ta ƙanƙance a gado, da robar iska a hanci. Ya shirya maganganu da yawa a hanya, amma ita ta riga shi.

"Gordon," ta ce da ƙyar, "kuɗin ya sauka yanzu da ba na nan? Ka ga, ban kunna ba. Kada ka ba wa wani ɗakin."

Babban mutum ya durƙusa a gefen gado yana kuka kamar yaro. Ya gaya mata komai, ya ce ta yafe masa. Ta ɗan taɓa hannunsa.

"To ai shi ke nan. Ka ce wa Andreas ina bin sa bashin kifi."

Da Gordon ya aika wa kamfani hoton mitocin biyu, abin da ya gagara duk tsawon sanyi sai ya warware cikin 'yan kwanaki. Suka ba da haƙuri a layi biyu, suka soke bashin, suka mayar masa da abin da ya biya. Ya cika wa banki kuɗinsu. Gida ya tsira.

Ya cire akwatin robar ya jefa a shara. Ya kunna injin, ya ƙure ɗumin, ya sayo sabon bargo da fakitin biskit irin nata, yana jiran ranar sallama. Kullum sai ya hau ya taɓa bango ya ji ko ya yi ɗumi sosai.

Edna ba ta dawo ba. Ta rasu a asibiti kafin sanyi ya wuce. Ranar da ɗanta ya iso daga Ostareliya don kwashe kayanta, yana shiga ya cire kwat ɗinsa, ya dubi Gordon da idanu jajur.

"Na gode, Mista Ackroyd," ya ce. "Hankalina ya kwanta da na ga a ɗumi ta zauna."

Darasi: In wanda ya fi ka ƙarfi ya matse ka, kada ka sauke zafin a kan wanda ka fi ƙarfi. Ka bincika kafin ka zargi mutum, musamman mai haƙurin da ba zai iya rama maka ba. Kuɗin da aka ci maka bisa kuskure ana iya dawo maka da su, amma ran da ka cutar ba kamfanin da zai mayar. Ku tura wa masu gidajen haya da duk wanda ke da wani a ƙarƙashinsa, wataƙila wata Edna tana zaune cikin sanyi yanzu ba ta gaya wa kowa ba.