Zaren Gwamma da Kunnen Delu

Dalilin da ya sa in an huda wa yarinya kunne ake fara zura mata zare, ba a sa mata ɗan kunne nan take, labari ne na wani maƙeri da wata tsohuwa. Ku gyara zama in faɗa muku.

A da can ba haka ake yi ba. A wani gari da ake kira Rafin Kanya, maƙeri ne ke huda kunne. Sunansa Korau, wajen ubansa ya gaji sana'ar. Mata su kawo 'ya'yansu bakin maƙera, ya ɗauki basilla ya huda, nan take ya rataya musu 'yan kunne na jan ƙarfe, ya matse bakinsu da awartaki don kada su faɗi. Wasu kunnuwan su warke lafiya. Wasu su kumbura su yi ruwa, har nauyin ƙarfen ya ja fatar ya tsage ta. In haka ta faru sai a ce ai kunnen ne ya ƙi ƙarfe, a ɗaura wa yarinya kallabi ya rufe wurin, shi ke nan.

Danga ɗaya ta raba gidan Korau da na wata tsohuwa mai suna Gwamma, wadda kaɗin zare ne sana'arta. Wata shekara aka huda wa jikarta kunne. Kwana biyu da yi, yarinyar ta leƙa rijiya, ɗan kunne guda da bai matsu sosai ba ya suɓuce ya faɗa ciki. Korau kuwa ya yi tafiya, sai bayan mako zai dawo. Gwamma ta ji tsoron kada hujin ya toshe, sai ta tsinko zaren da ta kaɗa, ta tafasa shi, ta zura a kunnen ta ɗaure. Kafin mako ya zagayo, kunnen mai zare ya bushe sarai, mai ƙarfe kuwa ya kumbura yana ruwa.

Da Korau ya dawo ta kai masa yarinyar ta nuna masa. Ya yi dariya ya ce, "Iya, kowa ya tsaya a sana'arsa. Ni ban taɓa koya miki kaɗi ba."

Ta ce, "Ni abin da idona ya gani na faɗa maka."

Bai bar maganar a nan ba. Ya shiga gari yana cewa tsufa ya fara taɓa Gwamma, so take ta kashe masa sana'a. Maganar ta dawo kunnenta. Daga ranar ko gaisuwa ba ta sake haɗa su ba, har shekara uku.

To, Korau yana da 'ya'ya maza biyar, sai a ƙarshe Allah ya ba shi mace, ana kiran ta Delu. Son da yake mata ba a magana. Da ta kai shekara shida ya ce lokacin huda kunne ya yi. Kwana uku ya yi yana ƙera mata 'yan kunne irin waɗanda ba a taɓa gani ba a garin, masu kauri, kowanne da 'yan ƙararrawa biyu. Ya huda ya rataya mata, ta yi ta yawo gida-gida tana kaɗa kai don a ji ƙararsu.

A kwana na uku kunnuwan suka yi ja. A na shida suka kumbura har fatar ta fara haɗiye ƙarfen. Zazzaɓi ya rufe ta. Ba ta iya kwanciya ta dama, ba ta iya kwanciya ta hagu, ko fura aka dama mata sai ta kau da kai. Aka kira wanzamin garin ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Sai dai a yanke fatar kunnen duka biyu. In ba haka ba ciwon zai shige ciki. Gobe da safe zan zo da aska."

Da ya fita, uwar Delu, Tasalla, ta ɗauko zane ta goya yarinyar. Ta ce, "Maigida, zan kai ta wajen Iya Gwamma."

Korau ya ce, "Da wane ido zan dubi matar nan?"

Ta ce, "Ban ce ka dube ta ba. Kunnen 'yata nake so."

Gwamma ta zaunar da Delu a inuwa, ta duba kunnuwan ba tare da ta taɓa ba. Ta ce wa Tasalla, "Je ki kira mijinki. Wanda ya matse ƙarfen nan shi kaɗai zai iya buɗe shi."

Korau ya zo ya tsaya bakin ƙofa ya yi sallama da ƙyar. Gwamma ta amsa kamar jiya suka rabu. Ta ce, "Shigo, Korau. Maganar da ke tsakaninmu tana nan, ba za ta gudu ba. Dubi hannunka."

Ya duba, baƙi ƙirin da gawayi. Ta miƙa masa sabulun salo ta sa ya wanke har sau uku. Da ya fito da awartakinsa sai aka ga ya yi girma, ba zai shiga tsakanin ƙarfe da fata ba. Ya koma maƙera ya hura wuta, kafin azahar ya ƙero wani ɗan ƙarami da bai wuce tsawon yatsa ba. Gwamma ta jefa shi a tukunya ta tafasa, shi kuma ya sake wanke hannu.

Ya durƙusa gaban yarinyar da awartakin a hannu. Delu ta ɗago ido ta ce, "Baba, kada ka cire. Ka sha wahala kafin ka yi mini su."

Ya ce, "Zan ajiye miki, uwata. Babu mai taɓa su."

Ya yi bisimilla ya buɗe na hagu, ya fita lafiya. Na dama ya riga ya nutse, sai da ya ɗan tsage fatar kafin ya fito. Delu ta yi kuka har muryarta ta dishe. Gwamma ta jiƙa auduga a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, ta wanke mugunyar a hankali. Ta zura tafasasshen zare a kunnen hagu. Na dama kuwa ta ce a bar shi ya toshe, ya sha wuya da yawa.

Ta ce, "Safe da yamma za a wanke. A kitse mata gashi baya, a kore mata ƙuda, kada kowa ya kai hannu wurin, har ita kanta. Kuma kai za ka riƙa wankewa, Korau, ba Tasalla ba."

Ya ce, "Me ya sa sai ni, Iya?"

Ta ce, "Huda kawai ka sani. Ba ka taɓa ganin abin da ke faruwa bayan yarinya ta bar bakin maƙerarka ba."

Haka ya yi. Kullum kafin ya hura wuta sai ya wanke kunnen Delu, in ya tashi aiki ya sake. A kwana na uku zazzaɓin ya sauka, ta farka ta ce ɗumame take so. Tasalla ta zauna bakin murhu tana ɗumama tuwo tana share hawaye. Da aka yi kwana arba'in kunnen hagu ya warke sumul. Na dama ya toshe, ya bar ɗan tabo kamar ƙwayar dawa, sai bayan shekara aka sake huda shi daga sama kaɗan.

Ranar da aka cire zaren, Korau ya tara maƙwabta a ƙofar gidan Gwamma. Ya kawo mata sabon ƙarfen gurzar auduga da ya ƙera, da curin gishiri. Ya tsuguna ya ce, "Iya, a gari na ɓata ki, a gari zan ba ki haƙuri. Ba don ke ba da 'yata ta tashi ba kunne. Faɗi abin da kike so."

Ta ce, "Na yafe tun ranar da ka wanke hannu. Abu ɗaya nake so. Duk kunnen da ka huda, ka ba ni aronsa kwana arba'in. In ya warke in mayar maka, ka rataya abin da ka ga dama."

Ya ce, "Na ba ki, mutanen nan shaida ne."

Wasu matan sun yi gunaguni da farko, suka ce zare a kunne ai alamar rashi ne. Korau bai kula ba. Duk wadda ta matsa masa sai ya nuna mata danga ya ce, "Shiga wajen Iya." Kafin damina biyu, tsagaggen kunne ya yi wuyar gani a Rafin Kanya, har daga ƙauyuka ake zuwa. Da Gwamma ta kasa zura zare saboda ido, Delu ce ta karɓe ta, ita ma ta koya wa na bayanta.

Shi ya sa har yau zare ke riga ƙarfe shiga kunne. Kuma a can Rafin Kanya, in tsohuwa ta gama ɗaure zaren za ku ji ta ce, "Allah ya jiƙan mai kaɗi," ko da ba ta san wace ce ba.