Kada Wanda Ya Taka Allina

Akwai wani saurayi da ya bar garinsu ya tafi koyon zane a wata tsohuwar makaranta, irin wadda ba a kwafa daga hoto. Abin da ke gabanka shi za ka kalla, shi za ka zana, har ya fito kamar zai yi magana.

Makarantar bene ce. Ƙasa ɗakin gawayi, sama ɗakin launi. Ba mai taɓa burushi sai ya daɗe a ƙasa yana baƙanta yatsu, kuma sai ya ci jarrabawa. Wanda ya faɗi sai wata shekarar.

Hannun saurayin yana da kyau, wannan ba a ja. Tun zuwansa aka sa masa suna Gwani. Da zolaya aka fara, shi kuwa ya karɓa da gaske.

Ga yadda suke aiki. Kowa yana da allonsa a jingine, da ɗan zanen alli a ƙasa, can baya da allon. A kan allin kake tsayawa ka auna da zare, ka taka gaba ka ɗiga gawayi, ka dawo ka sake kallo. In ka goce daga wurin, abin da kake kallo ma ya canza.

Suna da wani abu kuma da suke kira aron ido. In aka tashi hutu, sai ka hau allin maƙwabcinka, shi ya hau naka, kowa ya faɗi abin da ya gani. Dalili, idon da ya daɗe a kan aiki yakan saba da karkatarsa, ya daina ganinta.

Maƙwabciyar Gwani wata babbar mace ce da ta yi shekaru tana ɗinki kafin ta zo, ana ce mata Yaya Tela. Hannunta da nauyi, gogewarta ta fi zanenta yawa. Wata rana ta hau allinsa, ta rufe ido ɗaya, ta ce, "Ƙanena, kunnen nan kamar ya ɗan hau sama."

Ya ce, "Yaya, kunne ba hannun riga ba ne. Da kin koma kan kekenki da kin fi haka amfani."

Wani dogon ɗalibi mai barkwanci, da ake kira Dogo, ya so ya raba da wasa. "Haba Gwani, a bar mu mu ci albarkacin idonka mana, ko ma samu na kai wa gida."

Gwani ya juyo ya ce, "Ku ji da kyau. Daga yau kada wanda ya sake taka allina. Ban ari idon kowa ba, ba na ba da nawa."

Suka ji, suka kiyaye.

Ya ja allonsa zuwa lungu kusa da taga. In an tashi hutu ya yafa wa aikinsa ƙyalle ya fita bayan gini, ya ci abincinsa a tsaye. In an tashi aiki ya bi titi shi kaɗai zuwa ɗakin da yake haya, mai katifa da kujera ɗaya. Wayarsa ba ta ƙara sai in mahaifiyarsa ce.

"Ka yi abokai kuwa?"

"Ba abokai na zo nema ba, Inna. Bana zan hau sama, ki sa ido."

Jarrabawa ta zo. Aka kawo wani tsoho da ya ajiye tuƙin babbar mota, ana ce masa Baba Direba, aka zaunar da shi a kujera, haske na sauka a gefen fuskarsa. Makonni za a yi ana zana shi. Malamin makarantar ya ce, "Ni na rufe bakina sai ranar ƙarshe. Ku dai kuna da juna." Ya hau sama abinsa.

Gwani ya fara da idon dama na Baba Direba. Ido ya fito da ruwansa da jan jijiyarsa, har wanda ya gifta sai ya waiwaya. Shi kansa yakan tsaya yana kallonsa.

Ana tsakiyar aiki, bututun ruwa ya fashe a ranar da ba makaranta. Allunan sun tsira, amma ruwa ya wanke daɓen tas, duk zanen alli ya tafi. Da safe ɗalibai suka haɗu suna nemo wurarensu. Wannan ya tsaya, wancan ya duba masa zanensa ya duba tsohon, ya ce matsa dama, dawo kaɗan, tsaya nan. Sannan a ja alli.

Dogo ya ɗaga allin daga nesa. "Ranka ya daɗe, a duba maka ko a bar ka?"

"Ƙafata ta san wurinta."

Ya sunkuya ya ja layinsa da ka. Ya goce hagu da kamar tafin hannu, bai sani ba.

Daga sabon wurin, kuncin tsohon na can gefe ya fi fitowa, hanci ya ɗan juya. Gwani ya ga awonsa yana saɓa wa na da. Ransa ya ba shi akwai wani abu. Amma gyara na nufin goge idon nan, shi kuwa ba zai iya ba. Sai ya ce tsohon ne ke motsi. Ya ƙara faɗin kunci kaɗan, ya ja hanci kaɗan, ya lallaɓa inuwa ta rufe tsakani. Kwana ya bi kwana, idonsa ya saba, fuskar ta zauna masa daidai.

Wani lokaci yakan ji kamar ana kallonsa. In ya waiwaya, kowa na kan aikinsa. Ya ce a ransa hassada ce.

Ranar ƙarshe aka jera alluna. Malam ya bi su ɗaya bayan ɗaya, hannu a baya. A gaban na Yaya Tela ya ce, "Ba kyau, amma gaskiya ne. Hau sama." Dogo ma ya haye, har da rawar kafaɗa.

Da Malam ya zo kan na Gwani ya daɗe yana duba shi. Sannan ya ciro ƙaramin madubi daga aljihu, ya juya saurayin ya ba allon baya, ya ce, "Kalla ta nan."

A cikin madubi Gwani ya ga abin da bai taɓa gani ba. Ido na kallon gabas, hanci ya nufi wani wuri, kunci ɗaya ya kumbura kamar mai ciwon haƙori.

Malam ya ce, "Rabi daga wuri ɗaya ka zana shi, rabi daga wani. Wa ya ara maka ido?"

"Ba kowa."

"Na gani. Sai baɗi."

Aka kwashe alluna aka yi sama da hayaniya. Ɗakin ya rage daga Gwani sai Baba Direba, yana murza wuyansa da ya ƙage, yana neman takalminsa a ƙarƙashin kujera.

Gwani ya ce, "Baba, duk sun gani, ko?"

"Tun makon da ruwa ya zuba."

"Kuma ba wanda ya ce min uffan. Mugunta ke nan."

Tsohon ya sa takalmi ɗaya, ya ɗago. "Ɗana, ni ban san zane ba. Amma ni kaɗai ne a ɗakin nan nake fuskantar kowa. Kai ni kake kallo, ni kuwa su nake kallo. Matar nan mai ɗinki, ban san iyakar tasowar da ta yi ba. Ta ajiye gawayinta, ta goge hannu, ta taho har bayanka. Sai ta kalli ƙasa, ta ga layin nan naka, ta tsaya. Ta koma. Jiya ma ta zo. Har na so in yi maka ido, to an ce kada in motsa."

Ya sa ɗaya takalmin, ya dafa kafaɗar saurayin, ya fita.

Gwani ya zauna a kujerar da tsohon ya bari. Bai taɓa ganin ɗakin daga nan ba. Ga layukan alli a jere kusa da juna, duk sun dushe saboda yawan takawa. Ga nasa can a lungu, fari fes.

Ta saman kansa ya fara jin takun ƙafafu a kan katako, gaba, baya, gaba, baya. Sai muryar Dogo, sai dariya ta tashi. Ya kasa kunne ko zai ji abin da aka faɗa. Bai ji ba.

Darasi: Ba a hana ka iyawa ba, amma idonka ba ya ganin karkatar kansa. In ka wulaƙanta mai gyara maka, ba faɗa zai yi da kai ba, shiru zai yi, kuma shirun ne zai kayar da kai. Wanda ya karanta ya tura wa ɗan'uwansa, musamman wanda aka daina faɗa wa gaskiya yana zaton ya gama iyawa ne.