Harsasai Biyar Daga Aljihun Gunvor

Akwai wani dattijo a ƙauyenmu na bakin ruwa, nan yammacin Norway, sunansa Torleif. Manomin tuffa ne, kuma maharbi ne na gaske. Ba mugu ba ne, kar ku je ku ce ni na ce. Sai dai mutum ne mai son ya riga kowa, kuma in ya riga ka sai ya tabbatar ka sani.

A ƙungiyar farauta ta ƙauyenmu kowa da wurin tsayuwarsa. Idan kaka ta shigo aka buɗe farautar barewa, kowa ya san inda zai laɓe. Wurin Torleif wani faffaɗan dutse ne a saman gonarsa, daidai inda manyan bareyi ke bi in za su sauko cin ɓawon itatuwa. A kan dutsen nan mahaifinsa ya koya masa riƙe bindiga, kuma tun daga lokacin bai taɓa fashin shekara ba.

To amma ƙungiyar tana da ƙa'idar da ba ta kallon furfura. Duk wanda ranar buɗewa ta zo bai ci jarrabawar harbi ta wannan shekarar ba, wurinsa ya koma hannun na gaba a layi, kuma ba ya dawowa. Jarrabawar harsashi biyar ce a jikin hoton barewa, da bindigarka, da irin harsashin da za ka shiga daji da shi.

Ta gaba a layi ita ce Gunvor, matar da ke tuƙa jirgin fito tsakaninmu da gari. Ba ta daɗe da shiga ƙungiyar ba, don haka aka ba ta wata fadama can ƙasa, inda sauro kaɗai ke kai mata ziyara. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Amma kowa ya san duk wanda ke fadamar nan yana ɗaga kai ya kalli dutsen Torleif.

Sai shekarar da yaƙi ya ɓarke can gabas. Masana'antu suka koma yi wa sojoji aiki, harsashin farauta ya fara wuya, kuɗinsa ya yi tashin da sai mutum ya sake tambaya ko kunnensa ne. Torleif ya ji labarin a rediyo tun kafin ya bazu. Washegari ya sa motarsa a jirgin fito ya nufi kantin kayan farauta na gari, ya kwashe duk wani kwali da ya dace da bindigarsa. Da mai kanti ya ce ya rage wa na baya, sai ya ce na baya ai suna da ƙafa.

Akwatin ƙarfen da yake ajiye harsashi a gida ya cika, ga saura jibge a mota. Ya san in matarsa Magnhild ta gani sai ya sha tambayoyi, in maƙwabta suka gani kuma sai roƙo. Sai ya zagaya ta baya zuwa ɗakin kwale-kwalensa da ke bakin ruwa, ya jera kwalayen a ƙasa, ya rufe su da tsohuwar ragar kamun kifi. Ya kulle, ya koma gida yana jin babu mai dabara irinsa.

Da bazara ta yi, sai ga Gunvor har gona. Bindigarta da tasa harsashi iri ɗaya suke ci, kuma ta zagaye kantuna ba ta samu ko ɗaya ba. Ta gaishe shi, ta ce ko zai sayar mata da kwali guda, ko nawa ne za ta biya.

Torleif bai ajiye almakashin aske rassa ba. Ya ce shi ma ɗan abin da ke hannunsa da ƙyar zai kai shi ƙarshen kaka. Da ya tsaya nan da an ce ƙarya ce kawai, amma bakinsa bai iya tsayawa ba.

"Yarinya, lokacin da nake gaban mai kanti, ke kina ina?"

Ta ce, "Ina kan ruwa, Baba Torleif. Ni na ƙetare da kai, ni na dawo da kai. Na ma ga yadda bayan motarka ya zauna."

Ta yi murmushi, ta ce ya gaida Mama Magnhild, ta tafi. Ba ta kai maganar ko'ina ba. Daga baya ta samo kwali ɗaya tal a wani gari mai nisa, da tsadar da ta sa ta fasa gyaran rufin ɗakinta. Ta riƙa lallaɓa shi kamar man girkin ƙarshen wata, ta yi atisaye, ta ci jarrabawarta tun da wuri.

Shi kuwa gogan, duk ranar atisaye sai ya zo filin harbi ya yi ta ɓarin wuta, alhali sauran mutane kowa na juya harsashi a hannu kafin ya sa. Har na cikin akwatin gida suka ƙare bai damu ba, tunda ya san abin da ke ƙarƙashin raga. Jarrabawa kuwa ya bar ta sai ranar ƙarshe, kamar yadda ya saba, don a ganinsa gaggawa ta masu tsoron faɗuwa ce.

Abin da ya manta shi ne guguwar tsakiyar hunturu, wadda ta turo ruwan teku har cikin ɗakunan kwale-kwale na duk bakin gaɓa. Ya je ya duba a lokacin, ya ga kwale-kwale lafiya. Bai ɗaga ragar ba saboda maƙwabcinsa na tsaye a bakin ƙofa.

Da safiyar ranar ƙarshe ya sauka yana fito, ya ɗaga raga.

Kwalayen sun narke sun zama kamar jiƙaƙƙen burodi. Harsasan sun yi kore shar, gishiri ya ci su, wasu sun manne da juna. Ya durƙusa ya yi ta tonawa yana neman masu dama-dama, ya goge su da gefen rigarsa, ya cika aljihu. Ya ce wa kansa biyar kawai ake nema.

A filin harbi Oddvar ne ke kula da jarrabawa, shugaban ƙungiya kuma abokinsa tun suna makaranta. Ya ɗauki guda daga harsasan ya juya shi a haske, ya kalli Torleif.

"Mutumina, wannan daga cikin kifi ka ciro shi?"

Torleif ya ce datti ne kawai, zai tashi. Oddvar ya ce ko zai tashi ba a filinsa ba, don ba zai tsaya yana kallo bindiga ta fashe a fuskar abokinsa ba. Ya faɗa a hankali, amma kowa ya ji.

Mutanen da ke shan kofi a bakin rumfa kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Wasu bindigarsu ba irin tasa ba ce. Masu irin tasa kuwa sun tuna yadda suka je gari suka tarar da kanta wayam, kuma sun san wanda ya share ta. Ba wanda ya yi dariya, ba kuma wanda ya motsa.

Torleif ya zauna a kan benci. Ba asarar kayan ce ta dame shi ba. Dutsen yake gani, da mahaifinsa zaune a kai yana ɓare dafaffen ƙwai, yana ce masa ya daina motsi. Daga jibi wani ne zai hau, kuma ba wanda ya ƙwace masa. Da hannunsa ya kai ya ajiye a ƙarƙashin raga.

Yana nan sai ya ga takalman roba sun tsaya a gabansa. Gunvor ce, ta sauko daga aiki ta kawo wa masu jarrabawa waina da cuku. Ta ji komai. Ta koma motarta, ta dawo, ta zura hannu a aljihu ta jera harsasai biyar a kan bencin, suna ƙyalli.

Ya kalle su, ya kalle ta. Ya san abin da ya rage mata bai taka kara ya karya ba.

Ya ce, "'Yata, kin kuwa san in na faɗi yau dutsen naki ne?"

"Na sani sarai, Baba. Kullum ina kallonsa daga cikin sauro."

"To don me?"

Ta ce, "Ina son dutsen, ba zan ɓoye maka ba. Amma ba na son in hau shi don teku ta ci kayanka. Ranar da ka gaji ka sauko da ƙafarka, zan hau. Tashi ka harba kafin Oddvar ya rufe."

Mutumin da bai taɓa jinkirin harbi a filin nan ba, ranar sai da ya ajiye bindiga ya share ido kafin ya iya saiti. Ya harba a hankali, ɗaya bayan ɗaya, yadda ya ga mutane na yi duk bazara yana musu kallon matsiyata. Oddvar ya je ya duba hoton, ya ɗaga hannu. Duka biyar sun shiga.

Torleif ya tsince kwanson biyar daga ƙasa ya sa a aljihu. Kafin ya buɗe baki, Gunvor ta raba ɗan abin da ya rage mata gida biyu ta miƙa masa rabi, ta ce ai ba da takardar cin jarrabawa zai harbi barewa ba. Abin da ya iya cewa kawai shi ne Allah Ya saka mata, kuma sai da ya maimaita har ta ce ya isa haka, wainarsa na hucewa.

A gida ya faɗa wa Magnhild komai, har da batun raga. Ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta ce ita tun hunturu ta san da kwalayen, tana jira ne ta ga ranar da zai yi mata bayani.

Ranar buɗewa, da asuba, ƙungiya ta taru a bakin hanya kowa zai nufi wurinsa. Gunvor ta saɓa bindiga ta juya wajen fadama, sai Torleif ya kira ta. Ya ce dutsen nan faffaɗa ne, ya ɗauke shi da mahaifinsa shekara da shekaru, ba zai kasa ɗaukar su biyu ba. Oddvar ya ce ƙa'ida ba ta hana ba.

Suka hau tare. Gari na fara haske sai ga wani ƙaton namijin barewa ya fito daga cikin itatuwa, irin wanda Torleif ya daɗe yana mafarki, ya tsaya ya ba su gefe. Gunvor ta kalli dattijon tana jira ya ɗaga bindiga.

Bai ɗaga ba. Ya kwantar da ita a kan cinyarsa, ya matsa gefe ya bar mata gurbin da mahaifinsa ke zama, ya raɗa mata cewa ta daina motsi.

Harbi ɗaya ta yi.

Har yau kwanson nan biyar suna jere a kan tagar kicin ɗin Torleif. Duk baƙon da ya tambaya, sai ya ja masa kujera ya ba shi labarin da bakinsa, ba ya rage komai, har da tambayar da ya yi mata a gona. Ya kan ce ya tara abin da zai ishe shi shekaru, amma ranar da ta ƙure masa, na aljihun wadda ya hana ne ya fitar da shi.

Darasi: Idan abu ya yi wuya, kar ka kwashe ka bar 'yan'uwanka hannu wofi, domin abin da ka ɓoye yana iya lalacewa a inda ka ɓoye shi, mutanen da ka hana kuma su ne za ka tarar a gabanka ranar buƙata. In kuma wani ya rufa maka asiri alhali faɗuwarka ribarsa ce, ka gode masa a aikace, ba da baki kaɗai ba. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai kaya a ƙarƙashin raga da zai karanta ya je ya ɗaga tun da wuri.