Garin da Aka Hana Gori

An yi wani Sarki a Kwarin Gawo mai suna Jatau, wanda ya gaji gari mai masallatai da majami'u, ga kuma Maguzawa a gindin dutse. Saboda tsoron fitina, yana hawa gado ya kafa doka: duk wanda ya ambaci addinin wani ko asalinsa da kalma mai sosa rai, a kore shi daga ƙasar.

Ba a daɗe ba dogarai suka kawo Nadabo mahauci. Laifinsa shi ne ya hango maƙwabcinsa Habila kafinta a kasuwa, ya ɗaga murya ya ce, "Ga mai ibada sau ɗaya a mako! Tun Litinin ake cigiyarka!"

Habila ya biyo su da gudu, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, wasa ne, tun muna samari muke yi. Ni ma nakan ce masa, kai mai zuwa sau biyar a rana, har yau ba ka daina cusa wa mutane ƙashi a nama ba."

Sarkin dogarai ya ce, "To, ga na biyu ya kawo kansa." Aka tsare su duka, aka ce gobe da hantsi za a raka su bakin iyaka.

Galadima Mamuda, wanda ya yi wa mahaifin Sarki hidima har ya binne shi, bai tanka ba sai da fada ta watse. Ya san saurayin sarki ba ya janye magana a gaban jama'a. Sannan ya gyara zama ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ina tsoron kada mu bi sawun Tungar Maɗaci."

Sarki ya ce, "Baba Galadima, me ya sami Tungar Maɗaci?"

Galadima ya ce: Gari ne mai unguwa biyu da rijiya ɗaya, kowace unguwa da addininta. Al'adarsu, duk shekara ranar yasar rijiya sai su jeru suna miƙa guga, suna yi wa juna gori da waƙa. Wanda akuyarsa ta ci dawar wani, ranar zai ji sunansa. Wanda ya hana aron turmi don bambancin salla, ranar za a kunyata shi. A yi dariya, wani ya yi fushi, da la'asar a ci tuwo a akushi ɗaya. Suna kiranta ranar gori.

Sai aka naɗa musu sabon dagaci mai son a ce garinsa ya waye. Ya ce wannan cin mutunci ne, ya hana. Wata tsohuwa mai suna Dudu, wadda ita ke ba da waƙa a ranar, ta je ta durƙusa ta ce, "Ɗana, kada ka mai da mu tsuntsayen kuka." Ya ce, "Waɗanne tsuntsaye, Inna?"

Dudu ta ce: Wata kuka ce tsuntsaye iri-iri suka yi sheƙa a kanta. Kurciya ta kai ƙara wurin gauraka, shugabansu, cewa kukan hankaka yana ɓata mata rai. Hankaka ya ce shi ma gunjin kurciya na sa shi baƙin ciki. Gauraka ya gaji da shari'a, ya ce daga yau duk wanda kukansa ya dami wani, a fige shi. Kuka ta yi tsit, gauraka yana ta yabon kansa. Ran nan da rana tsaka suda ta ga kumurci yana hawa. Ta buɗe baki, ta tuna muryarta ce aka fi kai ƙara, ta rufe. Maciji ya bi sheƙa-sheƙa ya shanye ƙwai, ba wanda ransa ya ɓaci da kukan wani. Dudu ta ce, "Ɗana, bakin da ka ɗinke don kada ya yi zagi, shi ne ba zai buɗe ba ranar ihu."

Dagaci ya yi dariya, ya sa aka ba ta goro. Shekara ta zagayo aka yashe rijiya shiru. Gaisuwa ta ƙara tsawo a garin, ziyara ta ragu. Abin da dā ake faɗa a bakin rijiya ya koma cikin ɗaki, inda babu mai musawa, yara suna ji suna girma da shi. Da ciwon ciki ya kama wata unguwa, aka raɗa cewa ɗaya unguwar ce ta zuba wani abu a ruwa. Ba wanda ya isa ya tambaya a fili, ba wanda ya sami damar rantsewa. Ranka ya daɗe, waɗanda suka ɗauko wuta ranar da aka ƙone garin, da safe sai da suka tambayi maƙwabtansu kwanan iyali. Yau in ka je, rijiyar kaɗai za ka tarar.

Sarki ya ce, "Wato in bar kowa ya zagi abin da wani ke bauta wa?"

Galadima ya ce, "A'a. Mai hura wuta don a zub da jini, kama shi, ni zan riƙe maka igiya. Amma kafin ka hukunta baki, tambayi kunnen da aka faɗa wa. Habila ya zo da ƙafarsa ya ce bai ji ciwo ba, muka ɗaure shi don mu kare shi."

Sarki ya sunkuyar da kai, ya ce, "Na ji, Baba. Na yi kuskure. A kwance su, a kuma yi shela an janye dokar."

Aka fito da su ƙofar fada. Galadima ya tsaya a zaure yana jiran ya ji Nadabo ya ja tsohon wasansa. Nadabo ya dubi dogarai, ya dubi Habila, ya ce, "Sannu, Malam Habila. Allah ya huci zuciyarka."

Habila ya ce, "Yauwa, Malam Nadabo. A gai da gida."

Kowa ya kama hanyarsa, alhali katangarsu ɗaya.

Sarki ya ce, "Baba, ai sun rabu lafiya."

Galadima ya ɗauki sandarsa, ya ce, "Haka mutanen Tungar Maɗaci suke gaisawa, ranka ya daɗe."