Kaska da Zazzaɓin Ɗanta

Dalilin da ya sa kaska ke fitowa da damina, ta hau kan ciyawa ta miƙa hannuwa, shi zan gaya muku, in har Ladiyo za ta bar sosa ƙafar nan ta saurara.

Da can Kaska ba ta cizon kowa, raɓa take sha. Sai ɗanta tilo ya kwanta da zazzaɓi, jiki zafi rau. Bushiya, wanzamiyar dawa, ta ce ƙahonta ya yi wa yaron girma, sai dai uwar ta tsotse ciwon da bakinta, ta kai rafi ta tofar a sabon ruwa. In ta haɗiye ta mutu, in ta zubar a ƙasa ya koma jikin yaron.

Ta tsotse tas, kumatu suka cika. Ga ta ba ta gani sosai, ga rafi da nisa. Barewa ta ji tausayinta, ta goya ta.

Suna cikin tafiya karnukan farauta suka taso. Barewa ta sauke ta kan ciyawa, ta ce, "Tsaya nan, yanzu zan dawo." Fit, ta ɓace.

Kaska ta yi ta jira. Ruwa ya sauka, ciyawa ta cika daji, ko'ina iri ɗaya. Kira ba dama, baki cike. Duk wanda ya gifta da ɗumin jiki, sai ta ɗauka Barewa ce. Ta hau akuya, ta tsinci kanta a turke. Ta hau kare, ya kai ta ƙarƙashin rumbu. Kanta ya ɗaure.

Rannan ta hau ƙafar wani manomi, Shekarau, tana mamakin yaushe Barewa ta koma ƙafa biyu. Hadari ya taso, Shekarau ya zuba a guje. Don kada ta faɗo, baiwar Allah ta kafa masa baki a bayan gwiwa. Zazzaɓi ya tsiyaye cikin jikinsa.

Shekarau ya kwanta yana karkarwa, sai da matarsa ta lalubo Kaska, ta cire, ta jefar bayan danga.

Kaska ta rasa abin yi. Jikin mutum ba rafi ba ne, ba kuma ƙasa ba. Yaron ya tashi ke nan, ko kuwa? Ga sauran ciwo a baki, ga hanyar gida ta ɓace mata.

Shi ya sa har yau da rani take laɓewa, saboda rafi ya ƙafe. Ruwa na sauka ta hau ciyawa, hannu a miƙe, tana jiran goyo. Ladiyo, matso in ga ƙafar nan, kada a ce an ɗauke ki Barewa.